Yusha'u Sha-Kundum da Ƙararrawar Bungudu

Shekara tara cur Malam Yusha'u ya yi yana masinja a wani ɗakin karatu a Gusau. Shi ke share daɓe, shi ke goge kantoci, shi ke kwashe littattafan da malamai suka bari a tebur ya mayar inda aka nuna masa. Karatun nasa bai wuce sunan da ke bangon littafi ba, sai fa in an bar ɗaya a buɗe, ya jingine tsintsiya ya kalli hotuna. Da ya bar aiki ya koma gida Tsafe, ya kafa 'yar rumfa a bakin tasha yana sayar da kananzir da lagwani da ƙwan fitila. Ya kuma dawo da wata magana da yake maimaitawa safe da yamma.

"Kaf ƙasar nan," in ji shi, "ba mutumin da ilimi ya bi ta hannunsa kamar ni. Akwai littafin da sai da na yi gammo sannan na ɗauke shi."

Ba wanda ya iya ƙaryata shi, don kuwa gaskiya ce.

Mutanen tasha da son abin dariya, in mota ba ta cika ba sai su zagaye rumfar suna jefa masa tambayoyi, shi kuwa kafin a rufe baki ya amsa. An tambaye shi abin da ya sa ruwan teku ke da gishiri, ya ce jiragen dakon gishiri ne suka nutse tun zamanin yaƙi. An tambaye shi nisan wata, ya ce kwana arba'in ne a jirgi in ba a tsaya shan mai ba. Ranar da wani ya nemi yawan taurari, sai da ya rufe ido ya motsa leɓe, sannan ya ce dubu tamanin da ɗari shida da uku, wanda bai yarda ba ya je ya ƙirga. Nan 'yan tasha suka raɗa masa Sha-Kundum. Shi ya ɗauka sarauta ce, har ya sa aka rubuta masa a jikin garwar kananzir.

Wata Laraba a shekarar saba'in da shida, Malam Ishaya ya shigo tasha yana tura kekensa, da takarda a hannu. Shi ne malamin ajin yaƙi da jahilci na garin, mutumin Kudancin Zariya, mai sanyin murya da yawan haƙuri. Ɗalibansa biyu ya zo nema: Arzika direban bas, wanda ya shekara goma sha biyar yana jan babbar mota zuwa kurmi kafin ya dawo gida, da Hajara mai tuwo, wadda ke ciyar da rabin tashar ba tare da ta taɓa kuskuren malmala ɗaya ba.

Takardar ta ce ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe biyu na rana, za a yi gasar kacici-kacici a Gusau tsakanin azuzuwan Gusau da Tsafe da Bungudu. Za a yi tambayoyi a kan kimiyya da tarihi da labarin ƙasa da lissafi da adabi. Kowane aji zai turo mutum uku. Wanda ya ci zai tafi da sabon keken ɗinki.

Hajara ta ajiye mara. "Keken ɗinki? Malam, shekara biyu matan ajinmu suna roƙon Allah abin ga."

"Na sani," in ji Malam Ishaya. "Ke da Arzika kun isa. Na ukun ne ban samu ba. Kowa na taɓa sai ya ce ba ya iya tsayawa gaban jama'a."

Daga rumfar kananzir aka yi gyaran murya.

"Ana neman ruwa, ga kogi a zaune," in ji Malam Yusha'u.

"Malam, ai sai ɗan aji."

"Rubuta ni."

"Ajin fa na masu koyon baƙi da wasali ne."

"To ai tawali'un ke nan. Rubuta ni, kuma ka sa sunana a sama, kada a wahalar da alƙalai wajen nema."

Arzika ya dubi Hajara, Hajara ta dubi tukunya. Ba na uku, kuma ba a shiga da biyu. Malam Ishaya ya ciro alƙalami kamar mai sa hannu a takardar asibiti.

Keken ɗinkin bai dami Malam Yusha'u ba. Shi lissafinsa dabam ne. Manyan ma'aikata za su zo, za su ji shi da kunnuwansu, kafin wata ya mutu a aiko da mota daga Sakkwato a ɗauke shi ya riƙa ba gwamnati shawara. Da ya shiga gida ya ce wa matarsa Saude ta fara koyon cin abinci da cokali mai yatsu.

"Tuwon dawa da cokali mai yatsu?" in ji Saude.

"A Sakkwato ba dawa za ki ci ba."

"To, Allah ya kai mu. Ɗauke ƙafarka, shara nike."

Washegari bayan la'asar ya tara abokan tafiyarsa a zaurensa don ya horar da su. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ya fito da wata ƙatuwar kabewa da ya zana wa ƙasashe da gawayi, ya kunna fitila ya ɗora a turmi.

"Wannan rana ce. Wannan duniya. Ga Afirka, ga Turai, ga Amurka. Ga Tsafe."

Arzika ya leƙa. "Malam, Tsafe ta fi Turai girma?"

"Don a gan ta da kyau na yi haka. Kada ka katse ni. Duniya tana juyawa kamar haka, in nan ya fuskanci fitila rana ta yi, in ya ba ta baya dare ya yi."

Wannan kam daidai ya faɗa, don ya sha ganin hoton. Sai Hajara ta ce, "Ni abin da ban gane ba, in tana juyawa, mi ya hana miyata zubewa in munka koma ƙasa?"

Idon Malam Yusha'u ya yi haske. Wannan ma ya ga hotonta: wani Bature yana wulwula bokitin ruwa a sama, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ajiye kabewar a bakin ƙofa, ya fita fili, ya sa aka miƙo masa bokitin kunun tsamiyar da Saude ta dama wa baƙi.

"Malam, ka gwada da ruwa mana," in ji Malam Ishaya.

"Ilimi ba ruwansa da abin da ke cikin bokiti."

Ya kama mariƙi, ya wulwula sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ikon Allah, kunu bai zuba ba. Jama'a suka ɗauki salati. Daɗi ya kama Malam Yusha'u, ya ga lokacin bayani ya yi. Da bokitin ya kai daidai saman kansa, bakinsa na kallon ƙasa, sai ya tsayar da hannu.

"To kun ga a daidai nan..."

Bai ƙarasa ba. Kunun ya sauko masa gaba ɗaya, daga hula har takalmi, gayan na bin gemu. Ba a gama dariya ba aka ji Arzika na kiran, "Malam! Malam! Duniya!"

Akuyar Iya maƙwabciyarsu ce ta samu kabewa a bakin ƙofa ba mai tsaro. Kafin a kore ta ta yi mata rami.

Arzika ya ɗaga ya duba. "Ta cinye Amurka. Ta fara Turai."

"Tsafe fa?" wani ya tambaya daga baya.

"Tsafe na nan, Alhamdu lillahi."

Sai ga Saude a ƙofar gida, hannu a ƙugu. "Wa ya ɗaukar mini kabewar taushe?"

Malam Yusha'u ya share kunu daga ido. "An sallami aji," in ji shi.

Ranar Juma'a kuma ya dawo da sabon tashin hankali. Ya ga an kafa sabon allo a bakin hanya, inda da aka rubuta mil talatin zuwa Gusau, yanzu an sa arba'in da takwas.

"Hanya ta miƙe," ya gaya wa Arzika. "Zafi ne. Duk abin da ya ji zafi sai ya buɗe, ko ƙarfe ne. Gusau ta ƙara nisa da sha takwas."

"Malam, kilomita ce. Sabon awo ne gwamnati ta kawo. Jiya na bi hanyar ga, awa ɗaya ce yadda ta saba."

"Jiya an yi hadari. Gobe rana za a yi. In ba mu tashi da sallar asuba ba, sai dai mu tarar ana kwashe kujeru."

Ya bi gida gida ya tsorata kowa, har magoya baya suka ce gara a bi maganarsa, ko ba komai sammako ba ya ɓaci. Ƙarfe bakwai da rabi na safe suka isa Gusau. Makarantar da za a yi gasar a kulle take, mai gadi na karin kumallo. Suka zauna a gindin dalbejiya awa shida da rabi. Hajara, da ta rufe tukwanenta ta hana 'yan tasha tuwon rana, sai fifita take da gefen mayafi tana kallon Malam Yusha'u.

"Kun ga amfanin sammako," in ji Malam Yusha'u. "Mun riga hanyar miƙewa."

Wajen ƙarfe ɗaya mutanen Bungudu suka iso a motar katako, da kalangu. Shugabansu Umaru ne, wani mahauci da wuyansa ya yi faɗin turmi. Malam Yusha'u ya gyara sabuwar babbar rigarsa ya tare shi.

"Sannunku da hanya. Da kun sani kun huta a gida, don ni ne Sha-Kundum."

"Madalla," in ji Umaru. "Ni ne Umaru."

"In tambaya ta fi ƙarfinku kada ku ji kunya. Ku dubo ni, zan ɗan gyaɗa muku kai."

Ɗakin taro ya cika har tagogi. Tebur uku aka jera a kan dandamali, kowanne da ƙararrawar hannu irin ta makaranta. Ta Gusau ƙarama, ta Tsafe matsakaiciya, ta Bungudu kuwa ƙatuwa mai amo kamar ta tashar jirgi. Mai tambaya Malama Naomi ce, jami'ar ilimin manya, mai gilashi a karan hanci, wadda ba ta ɗaga kai daga takarda sai dole. Ta karanta doka: wanda ya fara kaɗa ƙararrawa shi zai amsa. In ya ci, maki ɗaya. In ya faɗi, a cire ɗaya.

"Wanda ba ya da ko ɗaya fa, mi za a cire masa?" Arzika ya tambaya a hankali.

"Wannan matsalar Bungudu ce," in ji Malam Yusha'u, ya jawo ƙararrawar gabansa.

"Tambaya ta farko, tarihi," in ji Malama Naomi. "A wace ƙasa ce ake da manyan dala..."

Ƙararrawar Tsafe ta kaɗa.

"Kano!" Malam Yusha'u ya miƙe. "Na gan su da idona. Buhu kan buhu."

"...na duwatsu, inda mutanen da suke binne sarakunansu," Malama Naomi ta ƙarasa.

"To ai ba ki ce ba na gyaɗa ba."

"Ai ba ka bari na ce komai ba, Malam. Gusau?"

"Masar," in ji wata mata daga teburin Gusau.

Mai rubuta maki ya je allo, ya ja ɗan layi a gaban Tsafe ya rubuta ɗaya. Malam Yusha'u ya juyo ga Arzika. "Ka gani? Duk da haka sun ba mu ɗaya."

"Malam, layin ga na gabanta rami ne. Cikinsa muke."

Aka yi tambayoyi biyu da Hajara ta danne masa hannu, Bungudu suka cinye. Sannan Malama Naomi ta ce, "Labarin ƙasa. A ina kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu?"

Arzika ya zabura, don ya kwana a garin ya fi sau hamsin yana jiran fito. Amma hannun Malam Yusha'u ya riga shi.

"A cikin ruwa!"

Ɗaki ya kece. Wani tsoho a layin gaba sai da aka bubbuga masa baya.

"Lakwaja, Malam, Lakwaja!" Arzika ya riƙe kai.

"To a Lakwajar a kan tudu suka haɗu? Malama, a duba maganata."

"An duba. An cire ɗaya."

"Lissafi. Mutum yana da kaji goma sha biyu da awaki biyar. Ƙafafu nawa ke gidansa na dabbobin nan?"

Hajara ta riga ta ce "arba'in da huɗu" a ƙasan maƙoshi tana miƙa hannu, sai ta ji ƙarfe na kuka a kunnenta.

"Tambayar nan da tarko," in ji Malam Yusha'u yana murmushi, yana kaɗa yatsa. "Ni ba a kama ni. Kafin a amsa, sai an gaya mana ko akwai gurguwa."

"Babu gurguwa."

"A kaji goma sha biyu? Malama, ba ki taɓa kiwo ba. Arba'in da uku."

Kalangun Bungudu ya amsa daga waje.

Daga nan abin ya zama kamar gangara. Aka tambayi shekarar da mutum ya fara taka wata, ya ce shekarar ba ita ce abin dubawa ba, abin dubawa shi ne ranar sha huɗu ga wata aka sauka, domin in jinjiri ne ina za a sa ƙafa? Gusau suka ce sittin da tara, suka ɗauke makin. Aka tambayi ƙwaron da ke yaɗa maleriya, ya ce ɗanyen mangwaro.

"Ƙwaro na ce, Malam."

"Ai ƙwaron yana cikin mangwaron."

Da aka tafi hutun minti biyar, allo ya nuna Gusau shida, Bungudu shida, Tsafe biyar a cikin rami. Malam Ishaya ya hau dandamali, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Malam Yusha'u, don girman Allah ka bar su su amsa ko ɗaya."

"Dabara ce, Malam Ishaya. Ina sassauta musu ne su saki jiki. Mai dambe ba ya kai duka a turmin farko."

Hajara ta matso kusa da shi, murya ƙasa ƙasa. "Malam, mata goma sha tara na baro gida suna jiran keken ga. In ka sake taɓa ƙarfen nan, wallahi tuwona ya haramta gare ka har ka mutu."

"Hajara, ilimi ba ya jin barazana."

Ya juya yana ɗaga wa mutanen Tsafe hannu. Arzika ya jawo ƙararrawar ƙarƙashin tebur, ya ciro filaya daga aljihu, don direba ba ya rabuwa da ita, ya murɗe ɗan ƙarfen da ke ciki ya jefa aljihu, ya mayar da ita inda take.

Aka dawo. Malama Naomi ta tambayi teku mafi girma a duniya. Malam Yusha'u ya fizgi ƙararrawa ya kaɗa. Shiru. Ya sake kaɗawa da hannu biyu. Shiru. Ya leƙa cikinta, ya busa, ya buga a gwiwa. Bungudu suka ce Fasifik, suka ci. Aka yi ta gaba, Gusau suka ci. Da aka fara ta uku, haƙurinsa ya ƙare, ya ɗaga ƙararrawar sama ya buɗe baki:

"Ƙalalan! Ƙalalan! Ƙalalan!"

Malama Naomi ta ɗaga kai, karo na farko tun da aka fara. Ta dube shi ta saman gilashi.

"Malam, ƙararrawar baki ba ta cikin doka."

"An yi mini maƙarƙashiya, Malama! An cire mata harshe!"

"Da ma na wani aka cire," in ji wata murya daga taga.

Malama Naomi ta soke tambayar, ta mayar da kai takarda. "Adabi. Gusau bakwai, Bungudu bakwai. A ƙarasa wannan karin magana: Kome nisan jifa..."

Umaru mahauci ya yi murmushi har kunne. Ko jaririn goye ya san amsar. Ya miƙa hannu a natse zai ɗauki ƙararrawarsa, sai hannun ya sauka a kan katako. Teburin Tsafe na manne da nasu. Malam Yusha'u ya riga ya miƙa dogon hannu ya sure ta.

Amon ƙatuwar ƙararrawa ya cika ɗaki.

"Bungudu," in ji Malama Naomi, idonta a takarda.

Shi ma Malam Yusha'u ya san karin maganar sarai. Amma a ganinsa ba za a tara manya a yi tambaya mai sauƙi haka ba, lallai akwai kimiyya a ɓoye. Ya cika ƙirji.

"Kome nisan jifa, bai kai kilomita ɗaya ba! Ko da zafi!"

"Kuskure. An cire wa Bungudu ɗaya."

Mai rubuta maki ya goge bakwai ya sa shida.

Sannan Umaru ya miƙe. Miƙewar ta ɗauki lokaci, don mutum ne mai yawa.

"Malam," in ji shi, "ka ce in tambaya ta fi ƙarfinmu za ka gyaɗa mana kai. Kawo kan."

Malam Yusha'u ya ja baya. "A yi haƙuri, aro na yi."

Mutanen Bungudu suka taso daga kujeru kamar an taɓa gidan rina. Malam Yusha'u ya saki ƙararrawa, ta faɗa a ƙafar mai rubuta maki, shi kuma ya yi tsalle ya ture allo, allon ya kife a kan teburin Gusau. Malam Ishaya ya shiga tsakani yana "Jama'a, jama'a," ba mai jin sa. Sha-Kundum ya duba ƙofa ya ga ta cika da Bungudu, ya duba taga ya ga ta fi kusa. Ya haye. Ƙugiyar taga ta riƙe masa babbar riga, ya bar mata rabi. Ya dira a kan mai kalangu, ya tashi, ya zura da gudu ya zagaya bayan makaranta, ya kama tsanin bas ɗin Arzika ya haye sama, ya shige ƙarƙashin tamfol.

Kaya ne a wurin da Arzika ya ɗauko wa wani ɗan kasuwa. Buhunan barkono ne, busasshe.

Awa guda ya yi a kwance, yana toshe hanci da abin da ya rage na riga, hawaye na zuba, atishawa na zuwa yana mayar da ita. Yana jin mutanen Bungudu suna wucewa ta ƙasa suna tambayar ko an ga wani mai rabin riga. Can ya ji an koma ciki. Ya ji ƙararrawa na kaɗawa, kuma ya san muryarta, ta Tsafe ce. Ya ji tafi. Ta sake kaɗawa, aka sake tafi.

Da aka tashi, mutanen Tsafe suka zo suka tsaya jikin bas suna shawarar inda za su neme shi. Sai atishawar da ya tara ta awa guda ta fito a haɗe, har tamfol ya ɗaga.

"Alhamdu lillahi," in ji Arzika. "Ga shi nan. Yarhamukallahu, Malam."

Malam Yusha'u ya leƙo, idanu jajir. "Sun tafi?"

"Sun tahi, da kekensu. Alƙalai sun mayar wa Bungudu makin da ka ci musu, sunka ƙara wani a kai."

"Mu fa?"

"Da ka hita na mayar wa ƙararrawa harshe. Tambaya biyar munka ci a jere, Hajara uku, ni biyu. Mun cike ramin da ka gina. Da sifiri munka tashi."

Malam Yusha'u ya share hanci. Sannan ya ɗaga yatsa.

"To ai sifiri ba ƙaramin abu ba ne. Shi ke mai da ɗaya goma, ya mai da goma ɗari."

Hajara ta ɗaga kai ta dube shi. "Haka ne, Malam. In ya tsaya a baya. Kai gaba ka shige."

Ya nemi ya sauko, ta ce kujerarsa ta ba wata tsohuwa. A saman barkono ya koma Tsafe.

Labari ya riga su, don wata mota ta taso tun ana cikin rikici. Rana na shirin faɗuwa suka shiga tasha, suka tarar da ita cike. Yana sa ƙafa a tsani aka fara.

"Sha-Kundum, ina Kwara ta gamu da Binuwai?"

Rabin tasha suka amsa, "A cikin ruwa!"

"Malam, akuyata na ɗingishi, ƙafa nawa za a rubuta mata?"

Ya tattare rabin rigarsa ya ratsa su ya nufi gida, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba.

Saude na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi rigar, ta dubi idanun. Ba ta tambayi Sakkwato ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ina takalminka ɗaya?"

Ya dubi ƙafarsa. Ya yi tunanin taga, ya yi tunanin mai kalangu, ya yi tunanin tsani.

"Ban sani ba," in ji shi.

Rariya ta suɓuce daga hannun Saude. Ta miƙe tsaye, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗa da aka ji har bakin titi. Iya ta faɗo gidan ba mayafi, matan maƙwabta na biye, kowa na tambayar haihuwa ce ko aure.

"Ya fi haka!" in ji Saude. "Shekara ashirin da biyu ina gidan ga, yau na ji Malam ya ce bai sani ba! Iya, ke ce babba, ki shaida!"

Matan suka ɗauki guɗa gaba ɗaya. Malam Yusha'u ya shige ɗaki ya saki labule. Aka yi ta yi har suka gaji, suka tsaya suna mayar da numfashi.

Sai labulen ya motsa, jan ido ɗaya ya leƙo.

"Saude," in ji shi, "ba haka ake guɗa ba. Ku tsaya in nuna muku."